Karin Kumallo da Lafiyar Haƙora a Ƙasar Rake



Na san akwai waɗanda da suka ji kan maganar da zan yi suka yi murmushi, suna cewa a ransu, ga tsadar taki, ga sha'anin tsaro, ga rashin aikin yi, amma aka rasa abin da za a tara mu a kai sai koko da haƙori. Ban ga laifinsu ba. Sai dai duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san cewa a wannan dare babu karatu, kashegari kuma babu ofis, babu gona. A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce mutum wajen biliyan 2 ne ke yawo da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba, ban da yara fiye da miliyan 500 masu ruɓa a haƙoransu na nono. Babu wata cuta da ta kai wannan yaɗuwa a cikin 'yan Adam.

Mu kuwa mutanen Danja muna da dalili na musamman da zai sa mu kasa kunne, domin ƙasarmu ƙasar zaƙi ce. Daga fadamunmu har zuwa Kudan da Maƙarfi rake ake nomawa, kuma da rani ya kama sai a ga hayaƙi na tashi inda ake dafa ruwansa a yi mazarƙwaila, manyan motoci suna lodi zuwa garuruwa masu nisa. To, ga tambaya. In har zaƙi ne ke cin haƙori, yaya aka yi kakanninmu, waɗanda suka tashi a gindin rake, da yawansu suka tsufa suna fasa goro da ɓare rake da haƙoransu, alhali kuwa jikokinsu da ke zaune a Funtuwa da Zariya da Kaduna tun suna firamare ake kai su asibiti a cire musu matauni?

Kada a ɗauka wannan zancen tsofaffi ne kawai masu yabon zamaninsu. Wani likitan haƙori mai suna Aubrey Sheiham ya duba bakunan mutane a Nijeriya, ya buga abin da ya gano a 1967, ya nuna cewa ruɓewar haƙori kaɗan ce ƙwarai idan aka gwada da Turai. Binciken da ya biyo baya a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa inda cutar ta fara ɓulla da ƙarfi shi ne birane, a gidajen masu albashi da masu hali. Ban ce mutanen da ba su da ciwon baki ba. Ciwon dasashi ya daɗe tare da mu, shi ne ke sa haƙori ya yi ta girgiɗi har ya faɗi da kansa ba tare da ya ruɓe ba, kuma wawulon tsofaffinmu yawanci daga nan yake. Amma kogon haƙori a bakin yaro ɗan shekara bakwai baƙo ne, kuma ina so in nuna muku cewa ta ƙofar karin kumallo ya fi shigowa gidajenmu.

Sai mu fara da sanin abin da ke faruwa a cikin baki. Mu a gargajiyance muna cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu magani a kasuwa da ke turara wa mutum hayaƙi su nuna masa waɗansu 'yan abubuwa a cikin ruwa su ce ga tsutsotsin sun fito. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, an same shi rubuce a allunan yumɓu na mutanen Iraƙi na zamanin da, Turawa ma sun daɗe a kansa. Babu tsutsa. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a cikin wannan farar dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori, wadda in ka kankara da farce da safe za ka gan ta. A 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Jamus, W. D. Miller, ya bayyana cewa waɗannan ƙwayoyi suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuma shi ke narkar da haƙori. A 1924 aka raɗa wa babbar cikinsu suna Streptococcus mutans. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi kowane ƙashi na jiki tauri, amma tsami na cin sa kamar yadda ruwan batir ke cin tufa, sai dai a hankali.

Masana suna da ma'aunin tsami da suke kira pH. Bakin da ke hutawa yana kusa da 7. Wani likita, Robert Stephan, ya auna a farkon shekarun 1940 ya ga cewa mintoci kaɗan bayan an kurɓi ruwan sukari ma'aunin yakan faɗi ƙasa da 5.5, kuma daga nan ne ɓawon haƙori ke fara narkewa. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda kafin miyau ya wanke tsamin ya mayar da baki daidai. Miyau kuwa ba wanka kaɗai yake yi ba, har gyara yake yi, domin yana ɗauke da sinadaran da haƙori ya rasa yana mayar masa da su. Watau kullum ana rushewa ana ginawa a cikin bakinka, kamar katangar ƙasa tsakanin damina da yaɓe. Idan ka ba magini lokaci, katanga ta tsaya. Idan kuwa kafin yaɓe ya bushe ka sake sako ruwa, to wata rana za ta zube.

Daga nan za ku gane cewa yawan sukarin da mutum ya sha abu ɗaya ne, yawan lokutan da ya sha shi da daɗewar da ya yi a baki kuma wani abu ne, kuma ga haƙori na biyun ya fi ɓarna. An tabbatar da haka ta hanya mai muni. Tsakanin 1945 da 1953, a wani asibitin masu taɓin hankali da ake kira Vipeholm a ƙasar Suwidin, an raba majinyata 436 rukuni-rukuni. Waɗansu aka ba su sukari mai yawa tare da abinci, haƙoransu ba su lalace sosai ba. Waɗansu aka ba su alewa mai danƙo har guda 24 a yini suna tsotsa tsakanin abinci da abinci, haƙoransu suka ruɓe ƙwarai da gaske. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah waɗanda ba su da bakin cewa a'a, kuma yau babu hukumar da za ta yarda a maimaita shi. Amma abin da aka gano ya tabbata. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ita ta sa allura ginin rijiya.

To, yanzu mu koma gida mu buɗe kwanon kalaci. Da can a ƙauyukanmu magidanci yakan karya da ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko waina, ko ɗanwake da manja da yaji, ko kuma a dama fura da nono a tafi da ita gona. Dubi wannan jeri, babu inda sukari yake dole. An ci an tashi cikin minti goma, an kurkure baki, an sa asuwaki, sai kuma da rana. Rake yana da lokacinsa, mazarƙwaila da alkaki da nakiya kayan biki ne da tsaraba. Ba na so in wanke rake tas, domin zaƙin da ke cikinsa shi ne dai sukarin da ke cikin kwali. Wani bincike da aka buga a 1989 daga Tanzaniya ya gwada masu saran rake, waɗanda ke shan sa dukan yini, da ma'aikatan wata gona dabam, ya tarar masu saran raken sun fi ruɓar haƙori. Amma mai shan sanda guda da yamma a bakin kasuwa yana tauna da ƙarfi, miyau yana zuba, ruwan ya wuce, ya tofar da tuƙa. Wannan dabam yake da wanda ya mayar da shi abokin yini.

Sukarin kwali ya zo ne da kantunan Turawa, ya zama alamar wayewa. Bayan mulkin kai aka kafa masana'antarsa a Bacita, daga baya aka yi ta Numan, sa'an nan kuma kamfanin Dangote ya buɗe babbar matata a Legas. Abin da da sai gidan hakimi da attajiri ya zama ana ƙulla shi a leda a kowane lungu. Ya shiga koko, ya shiga kunu, ya shiga fura, har ya kai yau in aka miƙa wa yaro koko babu sukari sai ya ture. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Koko bai canza ba, abokin da aka haɗa shi da shi ne ya ɓata shi.

Sa'an nan ga kalacin ɗan boko, wanda yawancinmu muka koya a makarantar kwana muka ƙarasa a teburin mai shayi. Ganyen shayi shi kansa ba shi da laifi, hasali ma akwai ɗan sinadarin fuloraid a cikinsa, wanda ke ƙarfafa haƙori. Amma ku tsaya gobe ku ƙirga abin da mai shayi ke zubawa a kofi guda. Ga sukari cokali uku ko huɗu, cokalinsa kuwa ba ƙarami ba ne. Ga Bournvita ko Milo, su ma da sukarinsu. In kuma madarar gwangwani ce mai kauri mai zaƙi, fiye da rabin nauyinta sukari ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, watau kimanin giram 50 ga babban mutum, ƙaramin cokalin shayi 12 ke nan, ta kuma ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Kofi guda na shayi mai kauri yana iya cinye wannan rabin tun kafin ƙarfe takwas na safe. A ɗora masa burodi, wanda masu gidan burodinmu ke cika wa sukari, ga shi da laushi, a tsoma shi a shayi ya zama danƙo, ya liƙe a ramukan matauni ya yi zamansa.

Duk da haka, da a nan aka tsaya da sauƙi, domin hari guda ne, miyau zai iya da shi. Abin da ke faruwa kuwa shi ne ma'aikaci ya ɗauki kofinsa ya ajiye a kan tebur yana kurɓa yana duba fayil har awa guda, kowace kurɓa tana mayar da agogon tsami farko. Da hantsi a kawo lemon kwalba, wanda ke ɗauke da sukari fiye da giram 30 ga kuma tsamin kansa. Bayan azahar a jefa minti a baki don warin albasa. Da dare a zauna majalisa a ɗora butar shayin Buzaye, zagaye uku, kowane da sukarinsa, ana hira har ƙarfe goma sha ɗaya. Ku lissafa da kanku awa nawa wannan baki ya samu ya huta. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma babu dokar da ta isa ta leƙa kofin shayinka.

Akwai wani tsamin kuma da ba ya bukatar ƙwayar cuta, wanda ke zuwa a cikin abincin kansa. Kunun tsamiya, zoɓo, lemon tsami da waɗansu ke matsawa a ruwan ɗumi da sassafe wai don rage ƙiba, har da kokon da gasararsa ta kwana biyu. Irin wannan ba ya haƙa kogo, zaizaye ɓawon yake yi gaba ɗaya, har mutum ya fara jin haƙoransa na tsirgawa in ya sha ruwan randa. Kowa ya san yadda haƙori ke mutuwa bayan an sha ɗanyen mangwaro, to wannan ɓawo ne ya yi laushi. A nan ne mai tsabta ke cutar kansa, ya gama shan kunun tsamiya ya ɗauki buroshi mai tauri ya dirje ɓawon da ya riga ya yi laushi. Abin da ya dace shi ne a goge baki kafin a karya, in an gama kuma a kurkure da ruwa, in ana son sake gogewa a jira kamar rabin awa ko fiye. Nono da kindirmo suna da tsami, amma su ba sa cikin wannan zargi, domin suna ɗauke da sinadaran da haƙori ke ginuwa da su. Fura da nono, in ba a cika mata sukari ba, ba ta da abin kunya a gaban kowane kalacin Turawa. Haka ƙosai da alala da ɗanwake da ƙwai da gyaɗa, ƙwayoyin nan ba sa samun abin kirki a cikinsu, ga shi suna riƙe ciki, mutum ba ya neman biskit da hantsi.

Inda maganar ta fi damuna shi ne yara, kuma ina roƙon 'yan'uwa mata da sababbin magidanta su saurara da kyau. Haƙoran nono guda 20 ne, na manya 32. Yawancin iyaye suna cewa ai haƙorin nono ne, zai yi famfara, don haka ba su damu da baƙin da suka gani a jikinsa ba. Alhali kuwa a wajen shekara shida akwai matauni guda huɗu na dindindin da ke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Tun da ba a ga famfara ba, ba wanda ya san sun iso. Su ne ginshiƙin tauna har tsufa, kuma su ne suka fi saurin ruɓewa, domin ɓawonsu bai gama ƙwari ba, samansu kuma duk ramuka ne. Shekarar da suke fitowa ita ce shekarar da ake sa yaro firamare. Uwa tana sauri, uba yana sauri, babu lokacin dama koko, sai a danƙa wa yaro kuɗin kashewa, shi kuwa a bakin ƙofar makaranta me zai saya in ba alewa da cingam da tuwon madara da ɗan lemon leda ba? Ya yi ta tsotsa har a tashi. Abin da aka yi wa majinyatan Vipeholm da gangan, shi muke yi wa 'ya'yanmu da kuɗinmu, muna ganin gata ne. Tun kafin nan ma akwai jaririn da ake cika wa bulumboti da shayi ko madara mai sukari a bar shi ya yi barci da ita a baki, miyau kuwa yana raguwa ƙwarai in ana barci, sai haƙoran gaba na sama su ɓurme tun yaro bai yi wayo ba. Wannan dalili ne kuma ya sa mai yin sahur da shayi mai zaƙi ya koma ya kwanta bai goge baki ba yake wa haƙoransa illa wata guda cur.

Na ce mu ne, masu karatu da masu albashi, domin mu ake kallo. In ɗan gidan da ya je jami'a ya dawo hutu da gwangwanin Bournvita da kwalin sukari, ya raina ɗumame, ƙannensa sun ɗauki darasi, kuma ba za su manta ba. Kada kuma wani ya fahimce ni a baibai ya ce ina kiran a hana yara kalaci. Akwai cutar baki wadda yunwa ke kawowa, wadda likitoci ke kira noma, ko da yake ba ta da dangantaka da noman da muka sani. Takan fara daga gyambon dasashi a bakin yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka buɗe dominta a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yaro dai ya ci, ya ƙoshi, da abin da gonar ubansa ke bayarwa: wake, gyaɗa, waken suya, masara, dawa, nono.

Game da asuwaki, ba sai na tsaya jan hankalin Musulmi a kansa ba, sunna ce da kowa ya sani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfaninsa tun 1986. Icen darbejiya ko na marke, in an tauna bakinsa ya yi laushi aka bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, yana fitar da dauɗa kamar buroshi. Kuskurenmu shi ne mukan maƙala shi a gefen baki muna hira, mu goge na gaba da ake gani mu bar na ƙurya inda ɓarna take. Abin da asuwaki ba zai ba ka yadda ya kamata ba shi ne fuloraid. Don haka a haɗa shi da makilin safe da dare, a duba jikin kwalin a ga an rubuta 1,000 zuwa 1,500 na fuloraid, yaro ƙarami a ɗiga masa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya kai shekara uku kamar ƙwayar wake. Bayan gogewar dare a tofar kawai, kada a kurkure, don maganin ya kwana a jikin haƙori. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori fari na ɗan lokaci, amma kankare ɓawon suke yi, kuma ɓawon haƙori in ya tafi ba ya dawowa.

Wanda kuma kogo ya riga ya kama shi, kanumfari zai kwantar masa da zogi na dare guda, amma ba ya cike rami. Ruwan batir da fetur da waɗansu ke ɗigawa, da ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi, ƙona nama kawai suke yi. Zogin da ya yi tsanani sa'an nan ya ɗauke da kansa sau da yawa alama ce cewa jijiyar haƙorin ta mutu, ruɓar kuma tana gangarawa cikin muƙamuƙi. Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasar nan, sai a 1966 aka fara koyar da aikin a Jami'ar Legas, kuma har yanzu yawancinsu a manyan birane suke. Mutumin Danja sai ya nufi Funtuwa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In ya je tun ramin yana ɗan baƙin ɗigo, a zama guda za a cike shi ya koma gida da haƙorinsa. In ya jira sai kunci ya kumbura, to cirewa ce. Wanda kumburin ya gangaro masa ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ya kasa buɗe baki da haɗiyar miyau, kada a bari ya kwana a gida, a sa shi a mota a wannan daren.